Mai Tausa, San Inda Za Ka Ɗauke Hannu

Duk wanda ya taɓa tsayawa a bakin Kasuwar Sabon Gari ta Kano da la'asar sakaliya, ya dubi yadda mutane su ke fitowa, ya san neman abinci da wuya ya ke. Ga ɗan dako wanda ya wuni da buhu a ka, ga mai turin kura da ya yi ta sawu tsakanin kasuwa da tasha, ga tela wanda tun hantsi ya ke duƙe bisa keke, ga kuma akawun kanti da bai tashi daga kujera ba sai don salla. Kowa da inda ya ke dafewa, wani ƙugu, wani kafaɗa, wani wuya. Kaɗan ne daga cikinsu za su nufi asibiti. Sauran man zafi za su saya, su nemi wanda ya iya hannu a Fagge ko cikin layukan Sabon Gari ya tausa musu. In kuwa abin ya kai ga targaɗe ko karaya, sai a ce a tafi gidan mai ɗori.

Wannan ba yau aka fara ba. Fagge tsohon zangon fatake ne, kuma inda a ke sauke kaya nan a ke samun ciwon baya. Tun da jirgin ƙasa ya iso Kano cikin 1911, aka yanka Sabon Gari bayansa kaɗan, kaya ba su daina ƙaruwa ba. Kasuwar ta bunƙasa, har yanzu ana kiranta da sunan Muhammadu Abubakar Rimi, amma har gobe kan ɗan Adam da gadon bayansa su ke ɗaukar rabonsu na nauyin. Saboda haka mai tausa da mai ɗori ba su rasa aiki.

Nufinmu a nan shi ne mu nuna abu guda. Iya hannu rabin sana'ar nan ne. Ɗaya rabin, wanda ya fi wuya, shi ne mutum ya san jikin da ya ke dannawa, ya san lokacin da ya kamata ya ɗauke hannunsa, ya kuma iya tuhumar nasarar kansa. Malaman makaranta da akawuna su ya fi kamata su fara fahimtar wannan, domin su a ke tambaya a unguwa in abu ya faru.

ABIN DA TAUSA KE YI

Mu fara da ba mai haƙƙi haƙƙinsa. Tausa tana da amfani. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa mutum miliyan 619 ke fama da ciwon baya cikin 2020, kuma babu wata larura da ta kai shi nakasa mutane a duniya. Cikin kowane goma, wajen tara ba a samun wata cuta takamaimai da za a nuna a ce ita ce sanadi. Cikin 2015 masu bincike na ƙungiyar Cochrane suka tattara gwaji 25 da aka yi wa mutum fiye da 3,000, suka ga tausa tana rage ciwon baya na ɗan lokaci, ko da ya ke su da kansu sun yi gargaɗi cewa gwaje-gwajen ba su da ƙarfi sosai. Cikin Disamba 2023 kuma Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa tausa cikin abubuwan da a ke iya yi wa mai daɗaɗɗen ciwon baya, tare da motsa jiki da koya masa yadda zai kula da kansa.

To, ta wace hanya ta ke rage ciwo? Kowa ya san in yaro ya buge gwiwa, kafin a ce masa kome ya kama murzawa. Cikin 1965 waɗansu masana biyu, Melzack da Wall, suka kawo bayanin wannan. Saƙon ciwo da saƙon taɓawa duka ta laka su ke bi su hau ƙwaƙwalwa, kamar mutane biyu masu shiga ta ƙofa ɗaya. In saƙon taɓawa ya cika ƙofar, na ciwo sai ya ragu. Haɗa da wannan, tsokar da ta ɗaure ta kan saki, hankalin mutum ya kwanta, ya sami barci. Man zafi ma kusan haka ya ke aiki. Fata ya ke ruɗawa da jin ɗumi ko sanyi, ba ya ratsawa ya kai ga ƙashi, balle ya haɗa wanda ya karye.

JIJIYA UKU CE

A nan Hausa ta yi mana rowa, ta ba mu kalma ɗaya, jijiya, ta abubuwa uku da ba su haɗa aiki ba. Akwai jijiyar jini, wadda ta ke kamar bututu. Akwai jijiyar ji da motsi, farar igiya mai ɗauke da saƙo tsakanin ƙwaƙwalwa da gaɓoɓi. Akwai kuma irin ta agara, wadda ke ɗaure tsoka ga ƙashi. Mai shakka ya je rumfar mahauta a nuna masa. Idan mutum ya ce jijiya ke damunsa, tambayar farko ita ce, wace daga cikin ukun? Ciwon na ukun ya kan so hutu da tausa mai sauƙi. Ciwon na biyu ya kan zo da sagewa ko jin kamar ana tsira allura. Ciwon na farko kuwa yana iya kisa.

Haka kuma maganar da a ke yi cewa jini ya kwanta a baya, sai an murza ya tashi. Ibn Nafis, babban likitan Alkahira wanda ya rasu cikin 1288, shi ya fara bayyana cewa jini ta huhu ya ke bi daga ɓangaren dama na zuciya zuwa na hagu. Cikin 1628 William Harvey na Ingila ya nuna cewa zagaya jiki ya ke yi ba tsayawa. Babban mutum yana da jini wajen lita 5, kuma ko yana zaune zuciyarsa tana tura kimanin wannan adadi cikin kowane minti. Saboda haka jinin mai gajiya bai kwanta ko'ina ba. Abin da yatsa ke ji kamar ƙulli tsoka ce da ta ɗaure. Ƙarar da a ke ji in an lanƙwasa gaɓa kuwa iska ce cikin ruwan gaɓar, ba ƙashi ne ya koma gurbinsa ba. Ranar da jini ya daskare da gaske cikin jijiya, ranar ce ba a son hannu ya kusanci wurin, kamar yadda za mu gani a gaba.

"NA TAƁA SHI YA WARKE"

Babbar hujjar kowane mai magani ita ce wannan, kuma sau da yawa da zuciya ɗaya ya ke faɗinta. Amma akwai ramuka uku a ƙarƙashinta.

Na farko, jiki da kansa ya ke gyara yawancin abin da ya same shi. Sabon ciwon baya, a taɓa shi ko kada a taɓa, galibi ya kan yi sauƙi sosai cikin mako shida. Ƙashin da ya karye kuwa, in bai goce ba aka hana shi motsi, Allah ya hore masa haɗe kansa. Zakara ya kan yi cara gari ya waye, amma ba wanda zai ce carar ce ta fito da rana.

Na biyu, ba ran da ciwo ya ke da dama mutum ke neman magani ba, sai ran da ya kai maƙura. Ciwo mai hawa da sauka kuwa in ya kai ƙololuwa, abin da ya rage masa shi ne sauka. Duk abin da aka yi a wannan rana shi zai kwashe yabo, ko tausa ce, ko allura, ko jiƙo. Faɗuwa ce ta zo daidai da zama.

Na uku shi ya fi haɗari. A ce mutum goma sun zo wurin mai tausa cikin mako guda. Bakwai suka ji sauƙi, suka dawo da godiya, har da kawo 'yan'uwansu. Uku ba su dawo ba. Shi a ransa zai ɗauka su ma sun warke ne. Alhali mai yiwuwa ɗaya ya koma wurin wani, ɗaya yana kwance gida, ɗaya yana gadon asibiti. Wanda ya ƙidaya masu godiya kaɗai, kullum lissafinsa riba zai nuna.

YADDA MAGABATA SUKA FITA RAMIN

Kada wani ya ce irin wannan bincike baƙon abu ne da Turawa suka kawo. Abubakar ar-Razi, wanda ya shugabanci asibitin Bagadaza, ya kuma rasu wajen shekarar 925, ya rubuta yadda ya sami majinyata masu alamun ciwon da ke kama ƙwaƙwalwa, ya fitar wa waɗansu jini, ya ƙyale waɗansu da gangan, don ya kwatanta ya ga abin da zai biyo baya. Likitocin yau ba su yarda da fitar da jini don wannan ciwo ba, amma dabarar kwatantawa da ya yi ita ce ginshiƙin binciken magani har yanzu. Shi ne kuma ya wallafa littafi sukutum na shakkokinsa game da Jalinusu, wanda duk likitocin zamaninsa ke ɗauka ba ya kuskure. Girmama malami bai hana shi auna maganarsa ba.

Cikin 1747 wani likitan jirgin ruwan Ingila, James Lind, ya ɗauki matuƙa 12 masu fama da ciwon da ke ruɓar da dasashi ya karya ƙarfin jiki. Ya raba su biyu-biyu, abincinsu ɗaya, makwancinsu ɗaya, ya ba kowane kashi magani dabam. Biyun da aka ba lemon zaƙi da lemon tsami su suka murmure, ɗayansu har ya koma aiki bayan kwana shida. Sai an gwada a kan san na ƙwarai, amma gwajin da ba shi da abin kwatantawa ba gwaji ba ne.

INDA BA A TAƁAWA

Ga alamun da ya wajaba kowane mai tausa ya haddace su kamar sunan 'ya'yansa. In ya ga ɗaya daga cikinsu, aikinsa shi ne ya ce a tafi asibiti, kuma yau, ba gobe ba.

Ƙafa ɗaya ta kumbura daga sha-raɓa, da zafi da ciwo, musamman ga mai jego, ko wanda ya daɗe kwance, ko wanda ya sauko daga doguwar tafiya a mota. Mai yiwuwa gudan jini ne ya toshe jijiya. In aka murza, yana iya ɓallewa ya tafi huhu, mutum ya faɗi nan take.

Ciwon baya mai tafe da zazzaɓi, da gumin dare, da rama, ko wani ƙusumbi da ya fara fitowa. Tarin fuka ba huhu kaɗai ya ke ci ba, yana cin ƙashin baya. Danna irin wannan baya ko taka shi da ƙafa yana iya gurgunta mutum, alhali cutar tana jin magani, kuma kyauta a ke ba da shi a asibitocin gwamnati.

Ciwon baya tare da sagewar ƙafafu ko tsakanin cinyoyi, ko kasa riƙe fitsari, ko kasa yinsa. Wannan alama ce ta an danne jijiyoyin ƙarshen laka, kuma jinkiri na iya barin mutum haka har abada.

Ɓarin jiki ya saki farat ɗaya, baki ya karkace, magana ta sarƙe. Ciwon a ƙwaƙwalwa ya ke, ba a hannun da ya saki ba. Akwai maganin da ke narkar da gudan jinin da ya jawo irin wannan, amma cikin awa huɗu da rabi na farko a ke ba da shi. Gashi da motsa gaɓoɓi suna da ranarsu, bayan likita ya gani.

Wuya ya sanƙare tare da zazzaɓi da ciwon kai. Mutanen Kano da suka ga annobar sanƙarau ta 1996 ba su bukatar a yi musu dogon bayani.

Gaɓar yaro ta kumbura, ta yi zafi, ga zazzaɓi, ya ƙi yarda a taɓa, balle in mai amosanin jini ne. Ƙwayar cuta na iya shiga ƙashi ko gaɓa ta yi mugunya, kuma murza ba ta kashe ƙwayar cuta.

Ciwon ƙirji mai sauka kafaɗa ko hannun hagu, da gumi da haki. A tuhumi zuciya tukuna.

Ƙafar mai ciwon suga. Sau da yawa ba ya jin zafi a tafinsa, sai a gasa masa da ruwan zafi ya ƙone bai sani ba, gyambon kuwa ya ƙi warkewa.

ƊAURIN DA KE CIN HANNU

Sai mu zo ga abin da ya fi sa likitocin ƙashi baƙin ciki. Yaro ya faɗo daga bishiya ko daga babur, ya karye kusa da gwiwar hannu. Aka kai shi ɗori, aka jera karare aka ɗaure tamau don kada ƙashi ya motsa. Niyya mai kyau ce. Amma wurin da ya karye kumbura ya ke yi cikin kwanakin farko, in kuwa ɗauri bai ba shi wuri ba, sai kumburin ya matse jijiyoyin jini. Tsokar da aka yanke wa jini ta kan fara mutuwa cikin awa shida ko kusa da haka. Tun 1881 likitan Jamus Richard von Volkmann ya bayyana yadda matsattsen ɗauri ke barin hannu a ƙanƙame, yatsu a naɗe. In abin ya wuce haka sai naman ya ruɓe, ba sauran dabara sai yankewa. Garin gyaran gira an rasa ido.

Alamun a fili su ke, kowace uwa tana iya ganinsu. Ciwo yana ƙaruwa maimakon raguwa, yaro yana ihu in an miƙar masa da yatsu, yatsun sun yi sanyi, ko sun sage, ko sun sake launi. Duk wanda ya ce a yi haƙuri, magani ne ke aiki, kada a saurare shi. A kwance ɗaurin nan take a nufi asibiti. Tun 1895 da Röntgen ya gano hasken da ke nuna ƙashi daga cikin jiki, ba sauran dalilin da zai sa a yi ta lalube cikin duhu. Kano kuwa tana da Asibitin Ƙashi na Dala tun 1959.

ASIBITI MA DA NASA

Adalci ya sa mu faɗi cewa rami na uku da muka ambata, likita ma ya kan faɗa cikinsa. Shi waɗanda ɗori ya ɓata kaɗai ya ke gani, ba ya ganin waɗanda suka warke suka koma gona. Shi ya sa kowane ɓangare ke ganin ɗan'uwansa bai san kome ba. Mutane kuwa ba don wauta su ke guje wa asibiti ba. Akwai tsada, akwai dogon layi, akwai tsoron filasta, akwai tsoron yanka. Mai ɗori yana kusa, yana jin yarensu, yana karɓar abin da ya samu. Abin takaici, tsoron yankan ne ke sa a yi jinkiri, jinkirin kuma shi ke kawo yankan, sa'an nan labarin ya bazu a unguwa ya ƙara wa na baya tsoro.

Sana'ar hannu tana da gurbinta a asibiti. Cikin 1945 aka fara aikin gashin ƙashi na zamani a asibitin Igbobi da ke Ikko, cikin 1966 Jami'ar Badun ta fara ba da digiri a kansa, cikin 1988 kuma gwamnati ta kafa hukumar da ke yi wa masu wannan aiki rajista. Su ma suna tausa, bambancinsu shi ne sun fara da koyon ƙasusuwa 206 na jikin babban mutum, da tsokoki, da hanyoyin jini, kafin a bar su su taɓa majinyaci. Ba abin kunya ba ne mai tausa na unguwa ya san ɗaya daga cikinsu, ya riƙa aika masa da abin da ya fi ƙarfinsa.

Kada kuma mai tausa ya mai da kansa mai sayar da ƙwaya. Magungunan kashe ciwo in an daɗe ana sha ba bisa ƙa'ida ba suna cin ciki da ƙoda, sa'an nan suna rufe alamun da likita ke bukatar gani. Cikin Fabrairu 2024 hukumar NAFDAC da hukumar masu harhaɗa magunguna suka rufe shagunan magani fiye da dubu a Sabon Gari da kewaye, aka umurci dillalai su koma sabuwar cibiyar Dangwauro bisa hanyar Zariya. Sana'ar da ba ta tsare kanta ba, wata rana daga waje za a zo a tsare ta.

AIKIN AKAWU DA MALAMI

To, ku masu karatu, ga inda hannunku zai shiga. Akawu ya san kuɗin da ba a rubuta ba ba a san inda ya tafi ba. In kana da ɗan'uwa ko maƙwabci mai wannan sana'a, ka saya masa littafi ka ja masa layuka: ranar zuwa, da shekarun mutum, da sana'arsa, da inda ke ciwo, da kwana nawa ya yi, da abin da aka yi masa. A tambayi mai ciwo ya auna ciwonsa daga sifiri zuwa 10 ran da ya zo, a sake tambayarsa bayan mako biyu. Wanda bai dawo ba a kira shi ta waya, a rubuta abin da ya ce, mai daɗi ko marar daɗi. Bayan shekara guda littafin nan zai gaya wa mai shi abin da masu godiya ba su taɓa gaya masa ba, watau ciwon da hannunsa ke yi wa amfani da wanda ya kamata ya sallama tun ran farko.

Malami kuma ya koya wa yara tambayoyi huɗu, su riƙa yi wa kowane mai da'awar magani cikin ladabi. Ta yaya ka sani? Mutum nawa aka gwada, kuma ina waɗanda ba su ji sauƙi ba? Da ba a yi kome ba, me zai faru? Wa zai ci riba in na yarda? Tambayoyin nan ba na mai kitsen mesa kaɗai ba ne. A yi su ga mai tallan ɗamarar lantarki, da mai na'urar da a ke cewa tana gano kowace cuta daga tafin hannu. Kasancewar abu ya zo daga ƙasar waje cikin kwali mai ƙyalli bai zama hujja ba. Matambayi ba ya ɓata.

Shi kuwa mai tausa, ya wanke hannu kafin da bayan kowane mutum, ya yanke farce, ya kauce wa fatar da ke da rauni ko ƙuraje, ya tsare mutuncin wanda ya amince masa da jikinsa. Ya yi tambaya kafin ya taɓa, in an ce da zafi ya sassauta. Ran da ya ce wa ɗan dako, "Ɗan'uwa, wannan ba nawa ba ne, tashi mu je asibiti," ya rasa kuɗin wuni ɗaya, amma ya ceci ƙafar da iyali guda ke ci da ita. Kasuwa kuwa ba ta manta irin wannan mutum.

Allah ya ba mu lafiya, da zama lafiya, amin.